Baƙin Akushin Ba'u

An ruwaito a cikin tsofaffin littattafai, irin waɗanda gara ta ci gefensu ta bar tsakiya don ladabi, cewa a wani zamani an yi wani gari da ake kira Birnin Shuni, sarkinsa kuwa sunansa Kailani. Aka ce sarki ne adali. Waɗanda suka rubuta haka a fadarsa suke cin tuwo, amma wannan ba ya nufin ƙarya suka yi.

Sarkin nan ba abin da yake so kamar tattabaru. Yana da su sun fi ɗari uku, an gina musu soro nasu na kansu a gidan sarauta, ana zuba musu alkama da riɗi a tasoshin tagulla, abincin da talakan garin ba ya gani sai ranar suna. Mai kiwonsu wani tsoho ne, Ba'u, wanda ya riƙe aikin shekara ashirin da 'yan kai. Da damina ya rasu, aka rufe gidansa da ke bayan marina, ba wanda ya ƙara kwana ciki.

Ana nan sai wani falke mai suna Nomau ya iso garin da jakuna goma sha biyu ɗauke da kanwa, ya tarar zango ya cika maƙil. Sarkin Zango ya dube shi sama da ƙasa, ya ce akwai wani gida bayan marina, in yana so ya sauka, ba sai ya ba da komai ba. Nomau ya shekara talatin yana fatauci, ya san duk abin da aka ba baƙo a banza yana da dalili. Amma jakunansa sun gaji, shi ma haka. Ya yi godiya.

Gidan ba wani abin tsoro a ido. Zaure ne, da tsakar gida, da rumbu da ya rushe, da ɗaki biyu. Ɗaya a buɗe, ɗayan an toshe ƙofarsa da laka, sai wata 'yar taga ta katako da ke rufe daga ciki. Abin da Nomau ya lura da shi kawai, tsakiyar katakon ta lotsa kamar cikin turmi, kuma akwai ɗige-ɗige masu duhu a kai, waɗanda bai tsaya tambayar kansa ko na mene ne ba.

Washegari da hantsi yana zaune yana ɗinkin mangala, sai ya ga rana ta dusashe. Ya ɗaga kai. Tattabaru ne, sun rufe sama, suna sauka a tsakar gidan, a kan katanga, a kan rumbu, har a bayan jakuna. Kowa ya san tattabara tsuntsuwa ce mai surutu, ko ita kaɗai ce sai ta yi wa kanta hira. Waɗannan ko uffan. Suka jeru suna fuskantar tagar nan kamar masu jiran liman.

Sai ɗaya ta tashi ta dira a bakin tagar, ta fara sarar katakon. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Da ta gaji ta sauka, wata ta hau. Haka suka yi ta yi, sautin yana tafiya ba yankewa, kamar sallamar wanda ya tabbata akwai mutum a ciki. Nomau ya ga wata fara ta sauko da ja a gefen bakinta, a nan ya gane ɗige-ɗigen. Da rana ta take tsaka suka tashi gaba ɗaya, suka nufi gidan sarki.

Nomau ya ce a ransa, garin kowa da irin tsuntsayensa. Kashegari dai ya fita kasuwa tun da sassafe, ba don tsoro ba, in ji shi. Da ya dawo da azahar ya ga tagar a rufe yadda ya bar ta, ƙofar a toshe, amma a ƙasan tagar ga ƙwayoyin gero warwatse, sababbi. Shi kuwa bai zo da gero ba.

A rana ta uku dogarai suka zo.

Aka kai shi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, dogarai suka amsa, "Sarki ya gaishe ka, baƙo." Wazirin sarki, Mantau, dattijo mai sanyin murya, ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ga mutumin. Tattabarunka suna barin alkama da riɗi a tasar tagulla, suna tafiya gidan da yake zaune suna fasa bakinsu a jikin katako. Wannan kiranye ne. Wanda ya iya kiran tsuntsun sarki yau, gobe barden sarki zai kira."

Masu hikaya sun ce tattabarun nan sun yi wata tara suna zuwa gidan kafin Nomau ya san akwai wani gari Birnin Shuni, kuma duk fada an san haka. Abin da aka rasa a wata taran nan shi ne mai rai a cikin gidan da za a tuhuma. Matacce ba ya amsa kiran dogari.

Sarki Kailani ya daɗe yana duban Nomau, sa'an nan ya ce, "Falke, ba na yanke hukunci a kan zato. Ga tambaya. Me ya sa tsuntsu zai bar abinci mai kyau da aka ba shi a sauƙaƙe, ya tafi inda zai zubar da jini? Na ba ka kwana uku. Ka kawo amsa da baki, ka kuma nuna ta ido ya gani. In ka kasa, ga Hauni."

Hauni, mai sare kan masu laifi, ya ɗan rusuna daga inda yake tsaye, ya dubi wuyan Nomau da idon mai sana'a.

Nomau ya koma gida. Gudu ba dama, an sa ido a ƙofofin gari. Ya ce to, wanda ya zuba geron nan, ko mutum ko waninsa, shi ke da amsa. Da hantsi ya laɓe bayan rumbu. Tattabaru suka zo, suka ƙwanƙwasa har tsakar rana, ba abin da ya motsa, suka tafi. Kwana ɗaya ya wuce.

A rana ta biyu ya sake laɓewa. Suka zo, suka jeru, suka fara. Inuwa tana ta gajarta, zufa na bin bayansa. Har ya fid da rai, sai ya ji ƙarar sakata daga cikin ɗakin da aka toshe. Tagar ta buɗe a hankali. Wani hannu ya fito, siriri, baƙi, busasshe kamar reshen ƙaya, ya turo baƙin akushi cike da gero, ya koma. Nan take tsuntsayen nan suka ɓarke da kuka gaba ɗaya, suka afka wa akushin.

Nomau ya karanta duk abin da ya zo bakinsa, har da addu'ar shiga kasuwa. Sa'an nan ya tuna da Hauni, ya ga cewa tsakanin fatalwa da takobi, fatalwa ce ba a tabbatar da ita ba. Ya zagaya ta bayan gidan. A gindin katanga, bayan wata tumfafiya, ya ga rami daidai shigar mutum a durƙushe. Ya tsuguna ya yi sallama.

Can wata murya ta ce, "Wa alaikumus salam. In kashe ni za ka yi, bari su gama ci."

Tsohuwa ce ta rarrafo ta fito da akushin a hannu bayan tsuntsayen sun gama ci, tana kaɗe ƙasa daga zanenta. Ta ce sunanta Hakama, ita ce matar Ba'u, tun da ya rasu take zaune wurin 'yar ƙanwarta a can cikin unguwa.

Nomau ya ce, "Iya, kin kusa kashe ni sau biyu, da tsoro da kuma takobi. Don Allah wane asiri mijinki ya binne a gidan nan?"

Ta yi dariya ba haƙori. "Asiri? Malam ko laya bai taɓa ɗaurawa ba, rowa ba ta bar shi ya je wurin boka. Zauna, Madugu, in ba ka labari."

Ta ce, "Lokacin da aka ba shi kiwon nan, tattabarun sarki ba su san shi ba, ba su san kowa ba. Sun ƙoshi. Ka kira su, su dube ka kamar ka zo roƙo. Malam ya ce tsuntsun da bai san mai shi ba, ba naka ba ne, maƙwabcinka ne. Sai ya samo farar ƙwarya da baƙin akushin nan. Gero ɗaya, daga rumbun nan da ka laɓe a bayansa, na gan ka tun ɗazu. Ranar farar ƙwarya, sai ya ajiye ta a buɗe a tsakar gida, su ci su tashi. Ranar akushi kuwa, sai ya hana a ba su komai tun daren jiya, ya shiga ɗaki ya rufe taga. Sai sun sara, sun sara, rana ta gasa su, sa'an nan ya buɗe. Haka ya yi ta yi, yau wannan gobe wancan, har kaka ta zagayo. Rannan ya ce, Hakama zo ki ga abu. Ya ajiye su biyun a buɗe, gefe da gefe, ba taga, ba yunwa. Madugu, ko ɗaya ba ta kalli ƙwaryar ba. Suna tattake juna a kan akushi, ga gero iri ɗaya can yana shan iska."

Nomau ya ce, "To don me?"

"Ni ma haka na tambaye shi. Na ce ko suna ganin abin da suka sha wuya a kansa ya fi daraja, kamar yadda mutum kan yi? Ya ce ke dai, tattabara ba ta da girman kan da za ta yi wannan lissafi. Ya ce ba geron take ɗanɗana ba, ƙarewar wuyar take ɗanɗana. Ita kuwa ba ta san ta raba su ba, sai ta ɗora daɗin a kan abin da idonta ya gani a lokacin. Ya ce mutane na cewa bayan wuya sai daɗi, suna tsammani alkawari ne aka yi musu. Ba alkawari ba ne, girki ne. Duk abin da ka ajiye a bayan wuya, ko ƙaiƙayi ne, sai daɗi."

Nomau ya dubi akushin. Sa'an nan ya ce, "Iya, ke kuma me ya sa kike zuwa? Kuma ba kullum ba?"

"Sai ranar da na samu geron. Da na so su manta, amma na lura tun da nake zuwa jefi-jefi, sarar tasu ta ƙara ƙarfi." Ta dubi tagar. "Shekara arba'in na zauna da mutumin nan. Magana mai daɗi a bakinsa ta fi ruwan sama a rani wuya. Sai ya yi wata bai ce mini sannu ba, rannan kuma ya shigo ya ce, Hakama, miyar nan ta yi. Wallahi har yau ban ji abin da ya kai wannan daɗi ba." Ta miƙa masa akushin. "Ungo. Kada ka dube ni haka, na san abin da kake tunani. Na riga ka."

A rana ta uku fada ta cika. Nomau ya roƙi a fito da tasar tagulla da alkama da riɗi a ajiye a fili, ya ajiye akushin nesa kaɗan, ya zuba masa gero tsagwaro, har da tsakuwarsa. Aka buɗe soro. Tattabaru suka fito kamar hadari, suka tsallake tasar, suka rufe akushin.

Waziri Mantau ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ai ga shi. Asirin a akushin yake."

Nomau ya ce, "Ran Waziri ya daɗe, in asiri ne, ai ba zai tambayi tsuntsu gidan ubansa ba. A aika kasuwa a sayo tattabarun da ba su taɓa sanin Ba'u ba."

Aka mai da na sarki soro, aka sayo guda goma aka sake su. Suka dubi akushi, suka dubi tasa, suka yi abin da duk mai hankali zai yi, suka faɗa wa riɗi.

Nomau ya durƙusa ya faɗi duk abin da Hakama ta gaya masa game da ƙwarya da akushi, bai dai ambaci sunanta ba, ya ce a bakin tsofaffin unguwa ya tsinta. Sa'an nan ya ce, "Zaki, ni ma na taɓa gani, ban gane ba sai jiya. A hanyarmu ta ɗauko kanwa akwai wata rijiya, fatake na kiranta Zuma. Kwana huɗu ake yi ba ruwa kafin a kai gare ta. Duk falke zai rantse maka ba ruwa mai daɗinta a duniya, jakunanmu ma da sun hango dutsen da ke kusa da ita sai su fara kuka suna sauri. Wata shekara na cika salka na kawo wa mahaifiyata tsaraba. Ta kurɓa ta tofar, ta ce, Nomau, wa ya wanke ƙafa a ciki? Na ɗanɗana, ruwan zartsi ne mai warin taki. Na ce salkar ce ta ɓata shi. Shekara ashirin ina zargin salka."

Fadawa suka so su yi dariya, suka dubi fuskar sarki, suka fasa.

Sarki ya dubi Hauni. Ya ɗaga yatsa, Hauni ya zo ya tsaya bayan Nomau, ya zare takobi ya dafa. Sarki ya tashi ya shige gida.

Masu hikaya sun ce Nomau ya zauna durƙushe a filin nan tun hantsi. Rana ta hau, ta tsaya a kan ƙeyarsa. Inuwar takobin tana kwance a gabansa, yana kallonta tana gajarta, ta ɓace, ta koma bayansa inda ba ya ganinta, wanda ya fi muni. Aka kira azahar, ba wanda ya zo. Harshensa ya zama kamar fatar jima. Ya lura fadawa ba wanda ya yi mamaki, suna zaune a inuwa suna kallonsa da wani irin tausayi, irin na wanda ya taɓa bin hanyar.

Sai da la'asar sarki ya fito. Ya tako da ƙafarsa har gaban Nomau, abin da ba a saba gani ba, riƙe da moɗa. Ya ce, "Ka faɗi gaskiya, falke, ka kuma nuna ta. Ka kuɓuta. Sha."

Ruwan randa ne, ko sanyi bai cika ba. Nomau ya sha, ya ji kamar an buɗe masa ƙofar Aljanna. Hawaye suka zubo masa. Ya ɗaga ido ya dubi fuskar Sarki Kailani, ya ji a duk tafiye-tafiyensa bai taɓa ganin fuska mai kwarjini da rahama irin wannan ba, ya ji zai iya mutuwa saboda mutumin nan. Yana cikin jin haka, sai idonsa ya sauka a kan akushin da ke gefe. Ya dubi moɗar da ke hannunsa. Ya dubi Waziri Mantau, wanda aka ce ya shekara bakwai yana zaman ƙofar fada kafin a tambayi sunansa, yana duban sarki da idon da tattabaru ke duban taga.

Sarki ya ga inda idonsa ya bi. Ya sunkuyo, ya yi magana yadda su biyu kaɗai za su ji. "Shekara ashirin Ba'u yana zuwa gaishe ni kowace safiya. Kana tsammani hirar tsuntsaye kawai muke yi?" Ya miƙe ya ɗaga murya. "Na ba Nomau gidan Ba'u da aikin Ba'u, da riga da rawani. Mai hikima ba ya barin garinmu hannu wofi."

Dogarai suka ɗauka, "Ya gode, Zaki! Ya gode!"

A hanyar gida Nomau ya yanke shawara. Zai sayar da kanwarsa, ya ɗaure mangala, jibi war haka ya yi nisa. Ya san girkin, ya ga tukunyar, ya ga mai dafawa. Ya gaya wa Hakama haka da ta zo karɓar akushinta. Ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Madugu. Akushin dai na bar maka shi a nan, za ka buƙace shi."

Littattafan sun ce ya sayar da kanwar. Daga baya ya sayar da jakunan. Ya rayu shekara goma sha tara a Birnin Shuni, kuma ba a taɓa yin safiyar da ba a gan shi a ƙofar fada yana jiran a yi masa iso ba. Wata rana a shigar da shi, wata rana a bar shi a rana har azahar. In baƙon falke ya tambaye shi labarin sarkin garin, sai ya ce bai taɓa ganin adali irinsa ba. Yana daga cikin waɗanda aka ɗauko wannan shaida a bakinsu.

Masu hikaya suka ce abin lura a nan shi ne, in mutum ya ji abu ya yi masa daɗi ƙwarai, ya tambayi kansa abin da ya sha kafin a miƙo masa, ya kuma duba ko hannun da ya buɗe tagar shi ne ya rufe ta. Sun ƙara da cewa wannan sani yana da amfani, ya ceci wuyan Nomau daga takobi. Ba su ce ya cece shi daga moɗa ba. A nan tawadar mai ruwaya ta tsaya, abin da ya saura Allah ne masani.